Kayan Mota Na Hannu Ya Ƙi Aiki Bayan Ciniki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Warware Rikicin

Wani ya yi hatsari da motarsa, gyaranta ya fi ƙarfinsa, sai ya kwance ta yana sayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya. Wani kuma ya canza injin, tsohon yana ajiye, sai ya ji ana nema. Haka yawancin cinikin kayan mota tsakanin mutum da mutum yake farawa, babu shago, babu rasit, babu garanti. Idan kayan ya yi aiki kowa ya yi murna. Idan bai yi ba, maganar kusan kullum tana komawa kan abu uku: me mai kayan ya faɗa kafin a biya shi, yaushe aibin ya fara, kuma hannun wa ya taɓa kayan bayan ya bar wurinsa. Amsoshin da ke ƙasa a kan waɗannan ukun aka gina su.

Na sayi kaya a hannun wani, an ɗaura a mota bai yi aiki ba. Dole ne ya mayar mini da kuɗina?

Ba kullum ba. Dokokin ƙasashe da yawa sun bambanta ɗan kasuwa da mutumin da kawai ya sayar da abin da ke hannunsa. Wanda sana'arsa ce sayar da kayan mota, doka tana ɗora masa alhakin cewa kayan zai yi aikin da aka san shi da shi, ko da bai furta ba. A Ingila, dokar cinikin kaya ta 1979 ta taƙaita wannan alhaki ga wanda ya sayar a matsayin kasuwanci, dokar kasuwanci ta jihohin Amurka ma haka ta tsara. Mutumin da ba sana'arsa ba ce bai shiga ciki ba.

Amma akwai abin da ya hau kan kowa, ɗan kasuwa ne ko ba ɗan kasuwa ba: kayan ya dace da yadda aka siffanta shi. Idan ya ce maka "giyabos ɗin lafiyarsa lau, da shi nake yawo har ranar da na ajiye motar", wannan magana ta shiga cikin cinikin. Idan ta zama ƙarya, kana da hakki. A 1967 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci kan wani da ya tallata motarsa a matsayin Triumph Herald ƙirar 1961, daga baya aka gano rabin motoci biyu ne aka haɗa da walda, bayan na 1961, gaban kuwa na wata tsohuwar ƙira. Shi kansa mai motar bai san haka take ba, kuma mai sayen ya duba ta da idonsa kafin ya biya, duk da haka kotu ta ba mai saye gaskiya, saboda abin da aka rubuta a tallar bai dace da abin da aka miƙa ba.

A fiƙihun Musulunci kuwa ba a yi wannan rarrabewa tsakanin ɗan kasuwa da waninsa ba. Wanda ya sayi abu, ya tarar da aibin da ke rage masa daraja, aibin yana nan tun kafin ciniki kuma bai san da shi ba, yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa.

Ya ce mini "yadda ka gan shi haka ka saya, babu dawowa". Shi ke nan na rasa?

Wannan sharaɗi yana da ƙarfi, kada a raina shi. Wanda ya yarda da shi ya ɗauki kasadar aibin da ba wanda ya sani. Abin da ba ya yi shi ne wanke mai yaudara. Dokar Jamus ta faɗi haka ƙarara: mai sayarwa ba zai fake da sharaɗin ba idan da gangan ya ɓoye aibin. Malaman fiƙihu sun yi saɓani kan iyakar sharaɗin barranta daga aibi, amma ba su yi saɓani ba kan cewa ɓoye aibin da mutum ya sani haramun ne.

Saboda haka tambayar ita ce ko ya sani. Ga irin alamun da ke nuna ya sani: tsagewar da aka toshe da gam aka shafe da fenti, kan injin da aka wanke fes a daidai wurin da yake yoyo, lambar kaya da aka goge, baƙin mai mai kauri da aka zuba don ɓoye ƙarar injin. Ba a yi wa lafiyayyen kaya irin wannan kwalliya.

Ta yaya za a gane ko da aibinsa ya zo, ko a hannuna ya lalace?

A nan yawancin rigimar take, kuma a nan ne mutane suka fi zaluntar juna ba da niyya ba. Mai saye yana ganin tunda kayan ya mutu cikin kwana uku, ai da ma matacce aka ba shi. Sau da yawa kuwa ciwon da ya kashe kayan farko yana nan a jikin motar, shi ne ya kashe na biyu.

Ɗauki kwamfuresar na'urar sanyaya mota. Idan tsohuwar ta farfashe ta ciki, ɓurɓushin ƙarfe yana bazuwa cikin bututu da kwandensa. Aka ɗaura wata ba a wanke layin ba, ɓurɓushin zai dawo ya cinye ta, ko da sabuwa ce dal. Giyabos mai canza kansa ma haka: dattin tsohon yana maƙalewa a bututun da ke kai mai wurin sanyaya, kuma idan bakanike bai zaunar da kwanbata, wato abin da ke miƙa ƙarfin injin ga giyabos, daidai ba kafin ya haɗa shi da injin, famfon man giyar zai fashe tun a tayarwar farko. Zuba man giya da ba nasa ba ma yana lalata shi. Tabo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska (turbo), yakan mutu saboda bututun da ke kai masa baƙin mai ya toshe. Injin lafiyayye yakan ƙone gasket cikin mako guda idan tsohon lagireton da ya dafa injin farko shi aka mayar. Altaneta kuwa, wato abin da ke cajin batir, juya wayoyin batir sau ɗaya, jan a wurin baƙin, ya isa ya ƙona shi.

A ɗaya ɓangaren, akwai aibin da ba ya samuwa cikin 'yan kwanaki. Tsatsa a cikin silinda, baƙin mai da ya daskare ya zama kamar kwalta a ƙarƙashin murfin injin, haƙoran giya da suka cinye a hankali, man giya mai warin ƙuna da tarin garin ƙarfe a kan maganaɗisun da ke kwanon ƙasa, duk waɗannan aikin watanni ne ko shekaru. Bakanike mai gaskiya yana kallo zai faɗa maka tsohon ciwo ne.

Wasu abubuwan kuma awo ne ke raba gardama. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen bolt 12.6 idan mota a kashe take. Idan injin yana aiki, altaneta mai lafiya yana ba da tsakanin 13.5 da 14.5. A injin, ana auna matsin kowace silinda, kuma idan wata ta yi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, akwai matsala a ciki. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur a Turai daga 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike, ta fito da lambobin matsala. A ɗauki hoton abin da na'urar ta nuna kafin a goge shi.

Me zan fara yi da zarar na ga matsala?

Ka tsayar da motar. Ci gaba da tuƙa injin da ke ƙara ko giyar da ke zamewa yana ƙara ɓarna, kuma yana ba mai kayan hujjar cewa kai ka ƙarasa shi.

Ka ɗauki hoto da bidiyo: ƙarar, hayaƙin, yoyon, fitilar da ta kama a dashbod, lambar da ke jikin kayan. Ka sanar da mai kayan a ranar, a rubuce, ko da kun yi magana ta waya. Saƙo gajere ya wadatar, wanda ya faɗi ranar ciniki, ranar ɗaurawa, abin da ya faru, da abin da kake nema. Jinkiri yana cin hakki. A fiƙihu, wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya ana ɗaukarsa ya yarda, dokokin zamani ma suna kallon dogon shiru a matsayin karɓa.

Abu mafi muhimmanci: kada ka bari a buɗe kayan kafin mai shi ya sani. Ana kwance giyabos ko injin ba ya wurin, maganar ta koma "ban san abin da kuka cire ba". Ka gayyace shi, ko ya turo nasa bakaniken, a buɗe a gaban kowa.

Bakanikena ya ce kayan ne ba shi da kyau. Maganarsa ta isa hujja?

Ba ta isa ba, ko da mutumin kirki ne, domin shi ya ɗaura kayan. Idan laifin ɗaurawa ne, shi zai biya, don haka yana da ruwa da tsaki a maganar. Bakaniken mai kayan ma haka. Mafita ita ce ku biyu ku amince da na uku wanda bai taɓa motar ba, ku yarda tun kafin ya duba cewa abin da ya faɗa shi ke nan, kuma wanda gaskiya ba ta gefensa shi zai biya kuɗin dubawar. Ku nemi ya rubuta abin da ya gani ko a ɗauki bayaninsa a bidiyo.

Kayan lafiyarsa ƙalau, amma bai shiga motata ba. Laifin wa?

Ya danganta da wanda ya ce zai shiga. Idan kai ka duba ka ce "irinsa ne", kuskurenka ne, karɓar kayan kuma alfarma ce daga mai shi. Idan ka faɗa masa ƙirar motarka da shekararta ya ce tabbas zai yi, to maganarsa ce ta sa ka biya, ya kamata ya karɓa.

Ido yana ruɗi a wannan fanni. Kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, shekara ɗaya, amma injin ko soket ɗin waya ya bambanta saboda kasuwar da aka ƙera motar dominta. Abin dogaro shi ne lambar da ke jikin kayan da kuma lambar shasi, wadda tun 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma 17. Birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, yana da tasa matsalar daban: a motoci da yawa an ɗaure shi da makullin motar da ya fito daga cikinta, ba zai tayar da wata ba sai an sake saita shi da kwamfuta. Mutane da dama sun mayar da lafiyayyen birenbos suna cewa matacce ne, alhali saiti kawai yake jira.

Na biya bakanike kuɗin ɗaurawa da saukewa, na sayi mai, motar ta yi kwanaki a gareji. Wa zai biya wannan?

Idan an tabbatar ya yi maka ƙarya ko ya ɓoye aibi, kana da damar neman kuɗin aikin da kuɗin man, domin maganarsa ce ta jawo asarar kai tsaye. Kuɗin da ka rasa saboda motar ba ta fita aiki ba ya fi wuyar samu, sai dai idan ya san da ita kake sana'a tun lokacin cinikin.

Idan kuwa shi ma bai sani ba, a ganina bai dace a ɗora masa komai bayan kuɗin kayan ba. Mutum ya sayar maka da abu da arha, da zuciya ɗaya, ya karɓi kayansa ya mayar maka da kuɗinka, ya yi abin da ya kamata. Kuɗin aiki yana cikin kasadar da mai sayen na hannu ya ɗauka lokacin da ya ƙi sayen sabo.

Ni ne na sayar. Da idona na ga kayan yana aiki, yanzu an dawo mini da shi. Me zan yi?

Da farko ka tabbatar naka ne. Yana faruwa a dawo wa mutum da tsohon kayan da aka cire daga motar mai saye, a ce nasa ne ya ƙi aiki. Shi ya sa masu hankali ke ɗaukar hoton lambar kaya, ko su sa wata alama da fenti a wurin da ba a lura, su kuma ɗiga fenti a kan kusoshi don a gane idan an kwance.

Idan naka ne, kada ka kashe waya. Gudun mai saye yana sa mai gaskiya ya yi kama da maƙaryaci, kuma shi ne ke mayar da ƙaramar magana babba. Ka saurare shi, ka tambayi wa ya ɗaura, wane mai aka zuba, me ya kashe na farko. Ka nuna bidiyon gwajin idan kana da shi. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah: akwai abin da na lura da shi ban faɗa ba? Ƙarar da take zuwa sai injin ya yi zafi, giyar da ke jinkiri da safe, shekara biyu da kayan ya yi a ajiye ruwa yana dukansa? Idan akwai, ka mayar da kuɗin, domin da ka faɗa da bai saya a wannan farashin ba.

Ba mu rubuta komai ba. Ina da hujja kuwa?

Cinikin baka ciniki ne, tabbatar da shi ne ke da wuya. Tallar da ya saka a Facebook, hirarku ta WhatsApp, saƙon murya, shaidar tura kuɗi ta banki, mutumin da ya raka ka, duk hujjoji ne. Ka ɗauki hoton tallar da wuri, domin ita ake fara gogewa idan rigima ta tashi.

Ta intanet na saya, aka aiko mini. Akwai bambanci?

Akwai ta fuska biyu. Na farko, ba ka ga kayan ba, don haka bayanin da aka rubuta da hotunan sun fi nauyi. Na biyu, an samu hannu na uku, wato mai ɗauko kaya. Lagireto, fitila da kwandensa suna saurin fashewa a hanya. Ka ɗauki bidiyo tun daga buɗe kwalin ba tare da yankewa ba.

Manyan kasuwannin intanet kamar eBay suna da tsarin mayar da kuɗi idan kaya bai dace da bayaninsa ba, amma da wa'adi, kuma sai idan ta cikin tsarinsu ka biya. A PayPal, kuɗin da aka tura ta hanyar "abokai da dangi" ba ya cikin kariyar mai saye. Duk mai kayan da ya matsa a fita daga tsarin a biya shi ta gefe, ya cire maka wannan kariya, ko da niyyarsa ragin kuɗin kamasho ne kawai.

Wane irin sulhu ne ya fi yiwuwa?

Mayar da kaya a karɓi kuɗi gaba ɗaya shi ne mafi sauƙi idan kayan yana nan yadda aka ba da shi. Idan aibin ƙarami ne mai gyaruwa, kamar buroshin kik da ya cinye ko sil mai yoyo, ragin kuɗi daidai da kuɗin gyaran ya fi wa kowa, domin ba sai an sake biyan saukewa ba. Idan mai kayan yana da wani irinsa, musanya ma hanya ce.

Inda aka kasa gano bakin zaren, bakanike na uku ya duba ya ce zai iya zama wannan zai iya zama wancan, raba asara biyu shi ne adalci. Ba wanda zai tashi yana murna, amma ba wanda aka ɗora wa laifin da ba a tabbatar ba. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, da adadin kuɗi da ranar biya, da cewa magana ta ƙare a nan, kowa ya sa hannu a gaban shaida. Idan da dillali a cinikin, a sa shi a zaman, domin shi ya ji abin da kowa ya faɗa.

Yaushe ya kamata a je kotu?

Bayan ka aika takardar ƙarshe mai wa'adi, misali kwana 14, ba a amsa ba. Ƙasashe da yawa suna da kotun ƙananan ƙararraki inda ba a buƙatar lauya kuma kuɗin shigar da ƙara kaɗan ne. Kafin ka tafi ka auna abu biyu: darajar kayan idan aka kwatanta da kuɗi da lokacin da shari'ar za ta ci, da kuma ko mutumin yana da abin biya, domin samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Hukumomin kare hakkin masu saye galibi rikici da 'yan kasuwa suke saurara, ba na mutum da mutum ba. 'Yan sanda kuma aikinsu binciken laifi ne, kamar wanda ya karɓi kuɗi ya ɓace ko ya sayar da kayan sata. Kai musu saɓanin ciniki don a tsorata mutum zalunci ne, kuma yakan juyo kan mai ƙarar.

Haka ma yaɗa hoton mutum a intanet da sunan ɗan damfara kafin a tabbatar da komai. Yana iya kai ka ga shari'ar ɓata suna, ya kuma rufe ƙofar sulhun da da ta dawo maka da kuɗinka.

Idan aka gano kayan na sata ne fa?

A mafi yawan dokoki, ɓarawo ba ya mallaka wa wani abin da ba nasa ba, don haka mai asalin kayan zai iya karɓe shi ko da ka saya da zuciya ɗaya, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. An fi samun wannan a fitilu, madubai, birenbos, da tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake sacewa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta irin su filatinam da rodiyam. Arhar da ta wuce hankali, wayoyin da aka yanke maimakon a zare, da mai kayan da ya kasa nuna motar da ya ciro shi, sun isa su sa ka janye.

Akwai kayan da bai kamata a saye su na hannu ba sam?

Akwai, kuma a nan maganar ta wuce kuɗi ta koma rai. Jakar iska ta kariya tana kan gaba, domin ba a iya gwada ta sai ranar hatsari. Jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda sinadarin cikinsu ke lalacewa da zafi da laima har su tarwatse su watsa ƙarfe a fuskar direba, sun jawo kiranyen motoci domin gyara mafi girma a tarihin Amurka, kusan jaka miliyan 67, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Wasu daga cikinsu har yanzu suna jikin motocin da ake kwancewa ana sayarwa. Bel ɗin kujera daga motar da ta yi hatsari, takalmin burki, tiyon man burki da bel ɗin tayimin ma suna cikin wannan sahu.

Taya tana iya yin kyau a ido alhali ta tsufa. A gefenta akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen lambar da ta fara da haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar kada a wuce shekara 10 daga wannan rana komai kyan zanenta, wasu kamfanonin mota kuma shekara 6 suke cewa. Idan wanda ya sayar maka ya ce tayar bara aka yi ta, lambar kuma ta nuna shekara 8, ba ka buƙatar bakanike na uku: ka ɗauki hoton lambar ka haɗa da saƙon da ya faɗi hakan ka tura masa.